Hanyar Ruwa Biyu Ce a Gida

Kowane gida, na talaka ko na sarki, yana da hanyar ruwa biyu. Akwai wadda ruwa mai tsabta ke bi ya shigo, akwai kuma wadda ƙazamin ruwa ke bi ya fita. Ta farko ita ce rijiya da guga, da famfo da bututu, da tanki da randa. Ta biyu ita ce indararo da rariya, da kwatami da shadda. Muddin hanyoyin nan suna lafiya, kuma ba su gamu da juna ba, mutanen gida suna zaune ƙalau, ba ma wanda ke tunawa da su. Ran da ɗaya ta lalace, ran nan ake sanin amfaninta. Ran da suka gamu kuwa, sai neman magani.

Ni malamin ofis ne, mutumin Dosara cikin ƙasar Maradun. Irin aikina shi iyayenmu ke kira aikin malamin En'e, kafin gyaran mulki na 1976 ya mai da shi ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Iyakar karatuna allo da firamare, ban shiga makarantar koyon sana'a ba. Amma rubuta ƙararraki da lissafin kuɗi ya nuna mini abin da ɓarnar ruwa ke ci wa mutane. Na kuma zauna da magina da mahaƙa rijiya da masu gyaran famfo, na yi ta tambayarsu har na tsinci abin da na tsinta. Shi ne na ga ya kamata in rubuta dominku, 'yan'uwa da kuka gama ajin yaƙi da jahilci. Gama wanda ya iya karanta takarda, ya iya lissafi, ya isa ya lura da hanyar ruwan gidansa, ya gyara ƙananan ɓarna da hannunsa tun ba su girma ba.

Mu mutanen wannan yanki, daga Maradun zuwa Talata Mafara har Bakura, ba mu da bakin cewa Allah bai ba mu ruwa ba. Ga madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda wani kamfanin Italiya ya gina, aka gama ta a 1978. Tsawonta ya fi kilomita 5, an kuwa gina ta don ta riƙe ruwa lita biliyan 450. Ruwan nan ba da arha aka same shi ba. Gonaki da gidaje sun nutse, a 1980 kuma aka yi rikici kan diyya har aka rasa rayuka. Duk da haka, ka shiga gidajenmu ka gani. Nan famfo yana ɗiga dare da rana, can rijiya ba murfi, gaba kaɗan ruwan wanka ya kwanta a gindin katanga. Hukuma na iya tare gulbi, amma ba ta iya shiga gidan kowa ta ɗaure masa famfo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ruwan bututu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta jawo ruwa daga kogin Challawa zuwa cikin birni. Dattawa suna ba mu labarin duba-gari na wancan zamani, masu shiga gida-gida suna leƙa randa da rariya, su ci tarar wanda suka samu da ƙazanta. Yau bututun roba da kan famfo suna nan a kasuwar Talata Mafara, mai ƙaramin ƙarfi ma yana iya saye. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin yadda za a lura da su. Ga shi kuma a shekarun nan hanyoyinmu ba su da aminci, kiran mai gyara daga wani gari ya zama abin da sai an yi shawara. Saboda haka sanin ɗan gyara ya zama tilas ga kowane mai gida.

To, mu fara da hanyar shigowa. Ɓarnar da ta fi yawa, wadda kuma aka fi rainawa, ita ce ɗigar famfo. Mutum ya ce, “Ɗigo ne kurum.” Bari mu yi lissafi irin na ofis. Kimanin ɗigo 4,000 ke cika lita ɗaya. A yini da kwana akwai daƙiƙa 86,400. In famfo yana ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa, kafin gobe war haka ya zubar da lita 20 da 'yan kai, watau jarka guda cur. A wata jarka 30 ke nan. Je ka tambayi ɗan garuwa kuɗin jarka 30, kāna ka je ka tambayi mai shago kuɗin 'yar robar da za ta tsai da ɗigon. Za ka ga bambancin da idonka. Da yayyafi kogi kan cika, da ɗigo kuma tanki kan ƙare.

Dalilin ɗigar ba wuya gare shi ba. Famfon ƙarfe irin wanda ake murɗawa yana da 'yar roba zagayayya a cikinsa. In ka rufe, ita ke danne ƙofar ruwa. Yau da gobe sai ta cinye, ko tsakuwa ta yanke ta. Abin da ya fi kashe ta da wuri shi ne murɗa famfo da ƙarfin tsiya, kamar ana ɗaure jaki. Ga yadda ake gyarawa. Ka fara rufe babban makullin da ke tsai da ruwan gida duka. Kowane baligi a gida, har uwargida, ya kamata ya san inda makullin nan yake. Sa'an nan ka buɗe famfon, sauran ruwa ya tsiyaye. Ka sa sifana ka kwance kansa, kana riƙe da jikinsa da ɗaya hannun don kada bututu ya karye. Ka cire tsohuwar roba ka tafi da ita shago, a ba ka daidai da ita. In shago ya yi nisa, yanko kwatankwacinta daga tsohuwar robar taya, za ta riƙe ka 'yan kwanaki. Famfon roba mai ɗan hannu wanda ake juyawa sau ɗaya, shi ba a yi masa wannan gyara, sai a sake sabo. In za ka ɗaura sabon, naɗa farin tef a bakin bututun ta wajen da famfo zai murɗu, sa'an nan ka ɗaura da hannu, ka ƙara kaɗan da sifana.

Sai bututu. Na ƙarfe tsatsa ke cinsa daga ciki, har ruwa ya riƙa fitowa ja-ja, ƙarfinsa ya ragu. Na roba ba ya tsatsa, amma rana ce abokiyar gabansa. In an bar shi a fili, zafin bazara ya gasa shi, sai ya yi ƙarau, akuya ma ta taka ya fashe. Maganinsa a binne shi cikin ƙasa kamar kamu guda. Alamar bututu ya fashe a ƙasa ita ce ka ga wuri yana da laima alhali ba a yi ruwa ba, ko ciyawa ta tsiro shar a tsakiyar rani. Ka tona a hankali. Ɗaure wurin da robar cikin tayar keke dabara ce ta kwana biyu. Gyara na gaskiya shi ne a yanke wurin da ya fashe, a goge bakin biyu su bushe sarai, a shafa gam, a haɗa da mahaɗi, a dakata gam ya kama kafin a saki ruwa. Akwai wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba. Ƙofar da ruwa ke fita ita ce ƙofar da ƙazanta ke shiga. Sa'ad da aka ɗauke ruwa, bututu ya zama wofi, in ya ratsa ta cikin kwata sai ya zuƙi ruwan kwatar. Da an dawo da ruwa, shi za ka fara tara a randa. Don haka kada ka yarda bututun ruwan sha ya kwanta cikin lambatu, komai gajartar hanyar.

Masu tanki su ma ga nasu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai cin lita 1,000, in ya cika, nauyinsa ya kai buhu 10 na masara mai kilo 100. Wa zai ɗora buhu 10 a wuri ɗaya bisa soron ƙasa ya kwana a ƙarƙashinsa? A gina masa mazauni na kansa, shimfiɗaɗɗe, wanda ba tsini. In tanki yana ambaliya, duba ƙwallon nan mai yawo a kan ruwa, shi ke rufe ƙofa in ruwa ya kai. Wani lokaci ya huje ne ruwa ya shige shi, wani lokaci hannunsa ne ya lanƙwashe. In tanki ya ƙare ƙaf aka sake cikawa, famfo ya riƙa tari ba ruwa, iska ce ta shiga bututu. Buɗe famfunan gida duka har ta fita. Murfi kuwa kada ya rabu da tanki, gama haske ke haifar da gansakuka, ƙadangare da sauro kuma ba su neman izini. A wanke shi sau biyu a shekara.

Na san yawancinmu a ƙauye rijiya ce famfonmu. Ita ma tana da nata gyara. Bakinta ya ɗaga sama da ƙasa sosai, don kada ruwan sama ya kwaso kashin dabbobi ya zuba ciki. A yi daɓen siminti kewaye da ita, mai gangara zuwa waje, a yi masa 'yar hanya da za ta kai ruwan da ya zube nesa. In daɓen ya tsage a toshe nan da nan, don ta tsagar nan ruwan wanki ke komawa inda ya fito. A yi murfi. Guga ɗaya ya isa, a kafa masa maratayi. Gugan da ya kwana a ƙasa inda kaji ke kiwo, da safe aka jefa shi rijiya, ya kai wa gida duka abin da ya kwasa.

Famfon tuƙa-tuƙa na rijiyar burtsatse, irin wanda ake kira India Mark II, an ƙago shi a ƙasar Indiya cikin shekarun 1970, ya bazu ƙauyukan Afirka. Shi ba ya mutuwa farat ɗaya, sai ya yi ta ba da sanarwa. In da safe sai an daɗe ana tuƙawa kafin ruwa ya zo, ruwan da ke cikin bututu ne ke zurarewa da dare, watau 'yar ƙofar da ke can ƙasa ta daina riƙewa, ko bututun ya huje. In ana tuƙawa ruwa na zuwa kaɗan-kaɗan, robobin da ke ɗago ruwa sun cinye. In hannun yana kaɗawa hagu da dama yana ƙara, ƙusoshi sun saki, ko sarƙa tana son man shafawa. Na ga unguwa biyu da aka haƙa wa burtsatse shekara guda. Ɗaya suka naɗa dattijo da wata mata su riƙe asusu, kowane gida yana jefa ɗan abin da ya samu ran kasuwa, wani saurayi kuma yana ɗaure ƙusoshi yana shafa mai. Ɗayar suka ce famfon gwamnati ne, gwamnati ta gyara. Na farko har yau suna sha. Na biyu yara sun mai da hannun famfonsu lilo, matansu sun koma tafki.

Yanzu sai hanyar fita, wadda aka fi sakaci da ita, don ba wanda ke son duban ruwan da ya gama da shi. Mu fara daga sama. Soron ƙasa ba abin da ke kashe shi kamar ruwan da ya kwana a kansa. Kafin ruwan farko ya sauka, hau ka share ganye da ƙasa da leda daga bakin indararo, ka cike wuraren da suka lotsa, ka sake yaɓe inda indararo ya shiga gini, gama ta nan yoyo ya fi farawa. Indararo ya zama mai tsawo, ya jefa ruwa nesa da bango. Inda ruwan ke faɗuwa a ajiye faffaɗan dutse ko tsakuwa, don kada ya haƙa rami a gindin gini. Masu rufin kwano su duba ƙusoshin da suka ɗaga. Wanda ya sa wa kwanonsa makwarari ya tara ruwan sama a tanki ya yi dabara, sai dai ya bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye tukuna.

Daga nan sai rariya. Ruwa ba ya hawa tudu, kowa ya sani, amma sau nawa ake yin daɓen makewayi ba a gwada ba? Kafin siminti ya bushe, zuba ruwa buta guda ka ga inda ya nufa. Abin da ke toshe rariya sananne ne: ledar ruwan sha, da tsumma, da dusa, da yashin wanke-wanke, da maiƙon tukunya wanda ke daskarewa ya kama sauran. Ka sa 'yar raga ko gwangwani mai huji-huji a bakinta, a riƙa kwashe abin da ya taru kullum. In ta riga ta toshe, sa doguwar waya ka zaƙulo abin ta wajen da ya shiga, kada ka tura shi gaba, kāna ka bi da ruwan zafi. Masu kwanon wanke hannu ko masai irin na zamani za su ga bututun ƙarƙashinsa a lanƙwashe. Da gangan aka yi shi haka. Ɗan ruwan da ke kwana a lanƙwasar shi ke tare wari da kyankyasai. In ɗaki ya daɗe a rufe ruwan ya ƙafe, wari ya taso, zuba ruwa moɗa biyu, shi ke nan.

Amma fitar da ruwa daga gida ba shi ne ƙarshen aiki ba. Ina ya tafi? Cikin ƙararrakin da suka bi ta hannuna, na maƙwabta kan rariya ba su da iyaka. Na tuna waɗansu mutum biyu, kakansu ɗaya, katanga ɗaya ta raba su. Ruwan wankan gidan babban yana kwanciya a gindin katangar ƙaramin. Ƙaramin ya yi magana, babban ya ce ai nan rariyar take tun zamanin kakansu. Shekara uku ana haka, naso yana hawa, gindin katanga yana zagwanyewa. Cikin watan Agusta, da dare, katangar ta faɗi a kan turken awaki. Allah ya kiyaye ba ta faɗa wa mutum ba. Aka je gaban mai unguwa, aka wuce gaban hakimi, matansu suka daina gaisawa. Da aka yi lissafin sabon gini da awakin da suka mutu, kuɗin ya ninka na haƙa ramin da zai shanye ruwan sau da yawa. Malamanmu sun sha gaya mana haƙƙin maƙwabci. Ruwan rariya yana cikin haƙƙin nan.

Ramin da nake nufi shi ake kira sokawe, yinsa kuwa ba wuya. A haƙa rami kamar kamu biyu zurfi, kamu biyu faɗi, nesa da gindin gini, nesa da rijiya. A zuba manyan duwatsu a ƙasa, matsakaita a bisansu, tsakuwa a sama, a kai bakin rariya ciki, a rufe. Ƙasa za ta riƙa shanye ruwan a ɓoye. Inda ƙasa laka ce ba ta shan ruwa, a ja shi zuwa gindin ayaba ko gwanda ko zogale, ƙazamin ruwa ya zama abin miya. Buɗaɗɗen kwatami kuwa gidan sauro ne. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai cizo bai fi mako guda zuwa kwana 10 ba. Duk ruwan da ya yi mako a kwance a ƙofar gidanka, ko cikin tsohuwar taya, ko fasasshen tulu, ka sani kana kiwon abin da zai kwantar da 'ya'yanka.

Mun zo ga shadda, inda hatsarin ya fi girma, gama nan ne hanyoyin biyu suke gamuwa ba a gani. Abin da ke cikin shadda yana tsatsafowa ta cikin ƙasa. In rijiya tana kusa, ko tana gangare da ita, can zai nufa, ruwan kuwa ya fito garau kamar ba komai. A 1854 annobar amai da gudawa ta faɗa wa wata unguwa a birnin Landan ta ƙasar Ingila, cikin kwana 10 ta kashe mutum fiye da 500. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana rubuta inda aka yi mutuwa, ya ga yawancinsu famfo ɗaya suke sha. Ya sa aka cire hannun famfon. Daga baya aka tona, aka tarar rijiyar tana dab da wani ramin ƙazanta mai yoyo. Abin da ya faru a Landan shi ke faruwa a garuruwanmu. A 2021 cutar nan ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, Jihar Zamfara kuwa tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. Ma'aikatan lafiya sun ce a bar mita 30 tsakanin shadda da rijiya, watau kamar taku 40 na babban mutum, shadda kuma ta kasance ta wajen gangare. In gidanka bai kai haka ba, ku yi shawara da maƙwabta, don shaddarka tana iya zama kusa da rijiyar wani. In annoba ta shigo gari, a tafasa ruwan sha, ko a sa maganin da asibiti ke bayarwa.

Gyaran shadda kaɗan ne, amma na kullum ne. Bakinta ya ɗaga don kada ruwan sama ya shiga, shi ke sa ta cika da wuri, ko ta rufta da mutum. In azarar da ke riƙe da ita ta fara lotsawa, kada a jira damina. A yi mata murfi mai mariƙi, a riƙa zuba toka. Kada a jefa leda da kwalba da tsumma, ba su ruɓewa. Akwai wata dabara da aka ƙago a ƙasar Zimbabuwe cikin shekarun 1970: a kafa dogon bututu daga ramin ya zarce rufi, a ɗaure raga a bakinsa na sama. Iska tana jan wari ta nan, ƙudan da ya bi haske ya hau kuma raga ta tare shi ya mutu. Bututu guda ne da 'yar raga, amma bambancin sai wanda ya shiga ya sani.

Kada wani ya ce waɗannan ƙananan abubuwa ba su kai su yi maganin babbar cuta ba. Ku tuna kurkunu. Iyayenmu sun san yadda yake kwantar da manomi a tsakiyar damina, gona ta cika da ciyawa. Ƙidayar da aka yi wajen 1988 ta sami mutum fiye da 650,000 da shi a Nijeriya. Ba allura aka yi ba, gama ba shi da allura. Tace ruwa da ƙyalle aka koya wa mutane, da hana mai ciwon shiga tafki, da haƙa rijiyoyi, Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suna bi suna faɗakarwa. Mutum na ƙarshe da ya kamu a ƙasar nan a 2008 ne, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida an rabu da shi. Hannun mata da ƙyallen tata suka yi wannan aiki.

Akwai fa aikin da ba naka ba ne, sanin wannan ma ilimi ne. Kada ka shiga rijiya mai zurfi don yasa ko ɗauko guga. A ƙasan waɗansu rijiyoyi iskar numfashi takan ƙare, mutum ya sume bai ko yi kira ba, wanda ya bi shi ceto shi ma ya tafi. Mahaƙa na gaskiya sukan fara zura fitila mai wuta, in ta mutu ba su shiga, in sun shiga kuma da igiya a ƙugu da mutane a sama. Kada a saukar da injin jan ruwa cikin rijiya yana aiki, hayaƙinsa kisa yake yi. Ramin shadda ba a shigarsa, ba a kai masa wuta. Ciro bututun burtsatse, da duk abin da ya haɗa ruwa da lantarki, a bar wa masu sana'ar. In ka kira mai gyara, ku yi ciniki kafin ya taɓa, ka rubuta kayan da ya ce a sayo da kuɗinsu, ka ce ya nuna maka abin da ya cire. Ka tsaya kana kallo, kana tambaya cikin ladabi. Nan karatunka zai yi maka rana. In ya gama, biya shi haƙƙinsa ba ja-in-ja, don gobe ma za ka neme shi.

Kayan da mai gida ke bukata ba su da yawa: sifana mai buɗewa da tsukewa, da filaya, da farin tef, da ɗan gwangwanin gam, da robar famfo biyu ko uku, da doguwar waya. A sa su cikin jaka ɗaya a rataye inda yara ba su kai. Sau ɗaya a mako, ka zaga gidanka ka bi ruwa tun daga inda ya shigo har inda ya fita. Ka tambayi uwargida, gama ita ke wuni da ruwa, ita ke fara ganin laima da jin wari. In ta ce rariya ba ta ja, kada ka ce sai an kwana biyu. Cikin watan Mayu kuma, kafin hadari ya fara haɗuwa, ka ba soro da indararo da shadda yini guda cur. Ka ja ɗanka ya riƙe maka sifana, ya tashi da sani.

Wannan shi ne abin da na ga ya kamata in gaya muku. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai samu shiga aji ba, gama ruwan unguwa ɗaya ne, cutar unguwa ma ɗaya ce. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da annoba, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.